Oprah, Faulkner da Tambayar da Ba Ta Mutu ba

 Yau za mu leƙa Amurka ne, wajen wata mata da idan ta ɗaga littafi a gaban kyamara, kafin gari ya waye shaguna sun fara neman ƙari.

Oprah Winfrey ke nan. A 1996 ta kafa ƙungiyar karatu a cikin shirinta na talabijin. Da farko marubutan zamani take zaɓa. A 2003 sai ta karkata ga tsofaffin littattafai: John Steinbeck, sannan Tolstoy na Rasha a 2004. Wannan duk kun san shi ko kun ji labarinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bazarar 2005, lokacin da ta ce wa masu kallonta su karanta littattafai uku na William Faulkner a jere.

To, ku saurara da kyau. Oprah baƙar fata ce, an haife ta a jihar Misisipi a 1954. Faulkner farar fata ne, shi ma ɗan Misisipi, ya ci kyautar Nobel ta 1949. Jiha ɗaya, amma duniya biyu.

A watan Fabrairun 1956, wata ɗaliba baƙar fata mai suna Autherine Lucy ta shiga Jami'ar Alabama bisa umarnin kotu, fararen fata suka ta da tarzoma. Ana cikin wannan zafi ne wani ɗan jarida, Russell Warren Howe, ya yi hira da Faulkner. Abin da aka buga shi ne, Faulkner ya ce idan abin ya kai ga yaƙi tsakanin Misisipi da gwamnatin tarayya, zai tsaya wa Misisipi, ko da hakan na nufin ya fita titi ya harbi baƙaƙen fata. Ku sake ji: ya harbi baƙaƙen fata. Daga baya ya nesanta kansa da maganar, ya ce ba kalaman mutumin da ke cikin hayyacinsa ba ne. Kuma dai an san shi da shan barasa. Amma magana zarar bunu ce.

Bai tsaya nan ba. A mujallar Life ya rubuta wasiƙa yana roƙon masu fafutukar 'yancin baƙaƙe su bi a hankali. Marubuci baƙar fata James Baldwin ya mayar masa da martani mai zafi, yana nuna cewa mutanen da aka daɗe ana dannewa ba su ne za a ce wa su ƙara haƙuri ba. Shi kuwa dattijon ɗan fafutuka W.E.B. Du Bois, yana da shekara 88, ƙalubalantarsa ya yi su yi muhawara a bakin kotun da ta saki waɗanda suka kashe wani yaro baƙar fata mai suna Emmett Till. Faulkner ya ƙi zuwa. Wannan Du Bois ɗin shi ne wanda ya koma Gana, ya rasu a Akara a 1963.

Sai dai a yi adalci. Faulkner ɗin nan ya fito fili ya la'anci kisan Till a 1955, har maƙwabtansa suka riƙa zarginsa da cin amana. Kuma ɗaya daga cikin littattafan da Oprah ta zaɓa, Light in August, labari ne na yadda tsoron "jinin baƙi" ya haukata gari guda har suka hallaka mutum. Marubucin ya ga cutar garinsu sarai a kan takarda, amma da aka zo maganar magani, ƙafafunsa suka yi sanyi. Duk da haka, ko marubuciya baƙar fata Toni Morrison, wadda Oprah ta zaɓi littattafanta har sau huɗu, a kan Faulkner da Virginia Woolf ta rubuta kundin digirinta na biyu a 1955.

Ni dai ra'ayina, Oprah ba ta yi laifi ba da ta kai wa jama'a waɗannan littattafai. Inda nake da shakka shi ne yanayin kasuwar. Tambarin shahararren mutum a bangon littafi yabo ne, kuma yabo ba ya son dogon bayani. Mai karatu ya cancanci a ba shi littafin, a kuma gaya masa abin da mai littafin ya faɗa a 1956. A ajiye masa Baldwin kusa da Faulkner, ya yi hukunci da kansa.

Lokaci na hararar mu. A gurguje: a 2010 Oprah ta zaɓi Charles Dickens, wanda a wata wasiƙa ta 1857, lokacin boren Indiya, ya yi fatan a shafe Indiyawa daga doron ƙasa. Kun ga tambayar ba ta Faulkner kaɗai ba ce.

Ku aiko mana da ra'ayoyinku: za ku karanta littafin wanda kuka san ya raina irinku?