Garuruwa Huɗu Da Bai Kamata Matafiyi Ya Wuce Su Da Dare Ba

Duk wanda ya saba bin hanya tsakanin Ikko da Arewa ya san irin tafiyar da muke yi. Mota ta tashi daga Agege da la'asar sakaliya, fasinja ya lulluɓe kansa da mayafi, ba ya farkawa sai in direba ya tsaya shan mai ko kuwa lokacin salla ya yi. In gari ya waye aka tambaye shi ta ina aka biyo, sai ya ce ta Lakwaja, alhali kuwa abin da ya gani na Lakwaja bai wuce fitilun masu soyayyen kifi da burodi na bakin titi ba.

Ni ma haka na yi shekara da shekaru, sai ran nan Allah ya kawo sanadi. Motarmu ta lalace a bakin garin, makanike ya ce sai an aiko da kayan gyara daga Abuja, watau kwana ya kama mu ke nan. Bayan sallar asuba wani dattijo ya tambaye ni mutumin ina ne, na ce masa Kano. Sai ya ce to, na je na gai da sarkina kuwa? Na ɗauka ba'a yake yi. Ya kama hannuna ya bi da ni ta cikin unguwar Kabawa, har ya tsayar da ni a gaban kabarin Sarkin Kano Alu Maisango. Kunya ta rufe ni, don kuwa na karanta labarin Alu a makaranta, na kuma wuce ta kusa da makwancinsa sau da yawa ina sharar barci.

Tun daga ranar na ƙudurta cewa duk lokacin da aiki ya fitar da ni, sai na ware ko da yini ɗaya ne domin wani gari da ba ya cikin manyan birane. Abin da na gane shi ne, babban birni ba shi da lokacin baƙo, kowa ta kansa yake yi. Amma ƙaramin gari yakan tsaya ya amsa gaisuwa, ya ba ka ruwa, ya kuma nuna maka abin da ya gada. Ga huɗu daga cikin waɗanda suka fi kwanta mini a rai.

Lakwaja, mahaɗar ruwa biyu

Ko da yake Lakwaja ita ce babban birnin Jihar Kogi tun 1991, in aka ajiye ta kusa da Ikko ko Kano, yarinya ce. A nan ne Kogin Kwara da Kogin Binuwai suka haɗu suka nufi teku tare. Wanda yake son ya ga wannan haɗuwa sosai, sai ya hau Dutsen Patti da ke bayan gari, wanda tsayinsa ya haura mita 400. Daga can zai hangi garin shimfiɗe a ƙarƙashinsa, da jiragen masunta kamar ƙwayoyin gero a kan ruwa. A kan dutsen kuma akwai ɗan gidan da Gwamna Lugga yake hawa ya huta.

A wannan gari ne, ran 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar Kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya yi shelar cewa ƙasar Arewa ta koma ƙarƙashin mulkinsu. Sa'an nan kuma nan ne Turawa suka mayar wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, wanda mulkinsa ya ƙare da shigar Turawa Kano a 1903, an fara kai shi Yola, daga baya aka dawo da shi Lakwaja, inda ya zauna har Allah ya karɓi ransa a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau ma a nan ya cika, haka kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, malami kuma fasihin marubucin waƙoƙi, wanda ya rasu a 1924.

Ai kuwa duk Bakano ko Bazazzagin da ya tsaya a wannan maƙabarta, ya tuna cewa waɗannan bayin Allah da algaita da tambari suke fita, amma suka ƙare rayuwarsu a bakin ruwa, nesa da ganuwar garinsu, to, zai fahimci zuwan Turawa fiye da yadda littafi zai fahimtar da shi. Sai dai a kiyaye da lokacin zuwa. A ƙarshen damina kogi kan cika ya batse. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Lakwaja zuwa Abuja, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Lokacin hunturu ya fi dacewa.

Bida, garin masu aikin hannu

In aka bi Kwara aka yi sama daga Lakwaja, ƙasar Nufe za a faɗa, kuma Bida ce cibiyarta. A tsakiyar ƙarni na 19 ne zuriyar Malam Dendo suka mayar da ita mazaunin sarauta, har yau kuma gidaje uku ne suke karɓa-karɓar sarautar Etsu Nufe, watau gidan Usman Zaki da na Masaba da na Umaru Majigi. A watan Janairu na 1897 rundunar Kamfanin Royal Niger ta auka wa garin da manyan bindigogi, mahayan Nufe suka tare ta a bayan ganuwa. Wannan yana daga cikin karon farko da wata babbar masarauta ta daular Usmaniyya ta yi da makaman Turawa.

Amma abin da ya fi jan hankalina a Bida shi ne ƙarar guduma. Tun da hantsi unguwar maƙera take ɗaukar amo, ana buga tagulla ana fitar da tasoshi da butoci da farantai, ana yi musu zane da ɗan ƙaramin kurfi, ɗigo bayan ɗigo, ba tare da an shata komai a takarda ba. A unguwar Masaga kuwa aikin gilashi ake yi. Mutum zai ga dattawa zaune kewaye da murhun yumɓu, yaro yana zuga, ana narkar da fasassun kwalabe ana naɗa su a jikin sandar ƙarfe, kafin ka ƙifta ido sun zama duwatsun wuya da awarwaro, shuɗi da kore da ruwan zuma. Mutanen Masaga suna cewa kakanninsu daga Misira suka taso da wannan sana'a, kuma a da can da kansu suke haɗa gilashin daga yashi da kanwa kafin kwalba ta wadata.

A 2021 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya Bida cikin jerin biranen duniya da suka shahara da sana'o'in hannu. Abin alfahari ne, amma yabo ba ya cika tukunya. Roba da kwanon kanti sun cinye kasuwar tagulla, kuma saurayi ba zai zauna gaban wuta yini guda ba in ya san ba mai sayen abin da ya ƙera. Don haka wanda ya je Bida ya kashe kwarkwatar idonsa ya fito hannu rabbana, bai yi wa garin adalci ba. Ya sayi ko da buta ɗaya ce, kuma a hannun wanda ya buga ta. Bayan haka ya nemi shinkafar fadamar Nufe da miyar kifi, don ba banza ba aka kafa cibiyar binciken hatsi ta ƙasa a Badeggi, kusa da garin.

Argungu, inda gaba ta koma biki

Daga Bida sai a fita ta Mokwa, a bi Kwantagora da Yawuri da Jega, a ratsa Birnin Kabi, a sauka Argungu. Tafiya ce mai nisa, amma ta cancanci wahalarta. Yawancin mutane ba su san Argungu da komai ba sai bikin kamun kifi, sa'ad da ake buga bindiga dubban masunta su ruga cikin ruwan Matan Fada da homa da gora, kowa yana neman ya fito da giwan ruwan da ya fi na kowa. To, amma mutum nawa ne suka san dalilin bikin?

Kabawa jikokin daular Kanta ne, wanda ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya na Sanwai a farkon ƙarni na 16, ya gina birnin Surame da ganuwarsa ta dutse. Bayan jihadi, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattara a Argungu, suka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu kusan ƙarni na 19 gaba ɗaya. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga wannan rana ce bikin ya samo siffar da aka san shi da ita. Watau ke nan abin da baƙi suke gani kamar wasa, asalinsa sulhu ne tsakanin mutanen da suka daɗe suna zubar da jinin juna. UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da duniya ta gada a 2016. Bayan na 2009 an yi shekara goma ba a yi shi ba, sai a 2020 aka sake kaɗa gangarsa.

Shawarata ita ce kada mutum ya ce sai da biki zai je. Ranar da ba taro, Argungu ta fi daɗin gani. Ya shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, ya ga masu da takubba da sulke da tambura na yaƙi, da makwancin sarakunan da suka gabata. Da yamma kuma ya gangara bakin gulbi, ya zauna ya kalli manoman shinkafa suna dawowa daga fadama. A nan zai ji Kabanci tsantsa, Hausar da ba ta gauraya da ta rediyo ba.

Daura, tushen Hausa

Na bar Daura a ƙarshe ne don ita ce uwa. Daga Kano ta hanyar Kazaure tafiyar ba ta da yawa, kuma daga garin zuwa kan iyakar Nijar a Kwangwalam ɗan taƙi ne. Ba yaron makarantar da bai ji labarin Bayajida ba: yadda ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa macijiya ba ta barin a ɗiba sai ran Juma'a, ya je rijiyar Kusugu da dare ya sare kanta, ya auri Sarauniya Daurama, aka sami zuriyar da ta kafa Hausa Bakwai. Masana tarihi suna ta muhawara a kan ma'anar wannan labari, wasu suna ganin yana nuni ne da lokacin da sarauta ta tashi daga hannun mata ta koma ga maza. Ko ma dai yaya ne, rijiyar tana nan a cikin gari, an gina mata ɗaki, kuma har yanzu baƙo yana iya zura guga ya sha.

Tarihin sarautar garin ma abin lura ne. A farkon ƙarni na 19 masu jihadi suka kori sarakunan Haɓe daga Daura, suka yi kusan shekara ɗari suna zaune a wajenta, a wurare irin su Zango da Ɓaure. A farkon mulkin Turawa aka dawo da gidan kan gadonsa, abin da bai faru ba a Kano ko Katsina ko Zazzau. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007, sa'an nan Alhaji Umar Faruk Umar ya hau. Mai son ganin Daura cikin adonta, sai ya zo lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, sa'ad da ake hawa, ake fito da kayan sarauta na kaka da kakanni. A watan Yuli na 2025 duniya ta taru a garin wajen jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa. Ina ta tunanin ko mutum nawa ne cikin wannan taro suka taka zuwa Kusugu kafin su koma filin jirgi.

Abin da ya rage gare mu

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, hanyoyinmu ba kamar da suke ba. Tilas ne matafiyi ya yi tambaya a tasha kafin ya ɗauki hanya, ya yi tafiyarsa da rana, ya sauka kafin magariba. In ya isa, ya fara da gaisuwa a ƙofar fada ko wajen mai unguwa, don baƙon da ya yi sallama ba ya ɓata. Amma tsoro kada ya zama hujjar da za mu tashi 'ya'yanmu sun san kasuwannin Dubai a waya, ba su san inda Surame take ba.

Gwamnatocin jihohi da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa suna da nasu nauyin, na gyara da tsarewa da sanya alamun da za su shiryar da baƙo. Sai dai gwamnati ba ta cika kula da wurin da jama'a ba sa zuwa ba. Kabarin da ba a ziyarta ciyawa ce take cinye shi, murhun da ba ciniki kuwa toka ce ƙarshensa.

Da za mu rabu da dattijon nan na Lakwaja, na ciro 'yan kuɗi na miƙa masa, ya ƙi karɓa. Abin da ya roƙe ni kawai shi ne, in na isa gida in gaya wa Kanawa cewa sarkinsu yana nan, kuma ƙofa a buɗe take. To, ga shi na isar da saƙo. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.