WiFi ɗin laftof ɗinka ya ƙi kunnuwa? Dakata kafin ka biya kuɗin sabon kati

Waɗanda data ba ta ba su damar sauraren shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar laftof za mu yi. Ka kunna hotsifot a wayarka, ka buɗe kwamfuta, ga fom ɗin neman aiki ko na tallafin karatu da za a rufe ƙarfe 12 na dare, amma WiFi ya ce bai san zancen ba. Ko dai alamar ta ɓace gaba ɗaya, ko tana nan amma ka danna ta ƙi kunnuwa. Washegari sai shagon mai gyara. A can kuma amsa biyu aka fi bayarwa: ko a ce kati ya ƙone, ko a ce sai an yi fomatin. Ta farko ta ci aljihunka, ta biyu tana iya tafiya da takardunka, har da kundin binciken da ka yi wata da watanni kana rubutawa. Ba cewa nake masu gyara macuta ne ba. Mutum ne da layin kwastomomi a gabansa, hanyar da ta fi sauri zai bi. Amma a ganina katin nan bai cika mutuwa ba, an fi samun an kashe shi ne kawai, kuma kai da kanka za ka iya gane hakan a cikin minti 20.

Shi katin ɗan ƙaramin allo ne da ke cikin kwamfutar. Na zamanin nan, wanda ake kira M.2, faɗinsa milimita 22 ne, tsawonsa 30, bai wuce girman kan sarki da wani abu ba. Tsofaffin kwamfutoci na amfani da wani mai ɗan faɗi, mini PCIe. A jikinsa akwai siraran wayoyi, galibi biyu, baƙa da fara ko ruwan toka, da suke bi ta cikin mahaɗar murfi su hau gefen sikirin. Su ne eriya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Fara da hannunka da idonka. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu na hannu ne, waɗanda kamfanoni suka gama amfani da su a Turai da Amurka: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Tsofaffin cikinsu suna da makunni na zahiri. Latitude E6420 da ThinkPad T420 duk suna da ɗan abin turawa a gefe, wanda jaka kaɗai za ta iya gogawa ta kashe shi ba ka sani ba. EliteBook irin su 8460p da 840 na farko-farko suna da maɓalli a saman madannai mai hoton eriya. In fitilarsa ruwan lemo ce, a kashe yake. Waɗanda ba su da wannan, ka duba layin F1 zuwa F12, ka nemi mai hoton eriya ko jirgin sama, ka danna shi haɗe da Fn. A HP da yawa F12 ne, a Asus F2, a tsofaffin Acer F3. Sannan ka danna maɓallin Windows tare da A, ka tabbatar alamar jirgin sama ba a kunne take ba. Na san wani zai ce kai, wannan ai raini ne. Wallahi ba raini ba ne. Muddin an kashe shi daga makunni, ko Windows sabuwa fil aka ɗora maka, ba zai tashi ba.

Sai kashewa da kunnawa, amma fa akwai sirri a nan. Tun daga Windows 8, idan ka zaɓi Shut down kwamfutar ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana adana halin da tsarin yake ciki don ta tashi da sauri, ita ma matsalar sai ta tashi tare da ita. Restart shi ne yake sake komai daga tushe. In bai yi ba, kashe ta, cire caja, cire batir in irin mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar. Wannan yana zuƙe ragowar wutar da ta maƙale, kuma sau da yawa katin da ya sandare bayan an ɗauke wuta ko batir ya ƙare kwatsam yana farfaɗowa a nan.

To, yanzu ga inda gaskiyar take. Danna Windows da X, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe wurin da aka rubuta Network adapters. Nemi sunan da ke ɗauke da Wireless ko 802.11, galibi na Intel, Realtek, Qualcomm Atheros, Broadcom ko MediaTek. Abin da ka gani a nan shi zai gaya maka ko za ka kashe kuɗi ko a'a.

Idan sunan yana nan da ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa, an dakatar da shi ne. Danna shi da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Enable, shi ke nan.

Idan alwatika ce ruwan ɗorawa mai alamar motsin rai, matsalar direba ce. Direba a nan ba mai tuƙa mota ba, ƙaramar manhaja ce da ke zama tafinta tsakanin Windows da katin. Ba ita, katin lafiyarsa ƙalau amma kurma ne. Wannan shi ne abin da ya fi samun wanda aka yi wa fomatin kwanan nan: sai ka ga ba sunan katin ma, sai wani abu can ƙasa da aka rubuta Network Controller da lambar kuskure 28, ma'ana ba a ɗora direba ba. Lamba 10 ko 43 kuma na nufin direban yana nan amma katin ya ƙi tashi da shi. A nan ka zaɓi Uninstall device, ka yi Restart, Windows za ta sake ɗora shi. In kuma matsalar ta fara ne bayan sabuntawar Windows, akwai Roll Back Driver da ke mayar da tsohon.

Tambayar da kowa ke yi: ta yaya zan sauke direba alhali ba intanet? Da wayar caja. Haɗa wayarka ta Android da laftof ɗin, ka shiga saitin hotsifot, ka kunna USB tethering. Kwamfutar za ta samu intanet ba tare da ta bi ta katin ba. Daga nan ka je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ka sa lambar samfurin da ke ƙasanta. Don Allah ka guji shafukan nan masu alƙawarin gyara maka duk direbobi da dannawa ɗaya, tarkace da ƙwayoyin cuta suke cusa wa mutum. In ba ka san kamfanin katin ba, ka shiga Properties, sai Details, sai Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN ita ce shaidarsa: 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 168C Atheros, 14E4 Broadcom.

Mai fama da WiFi da ke mutuwa duk lokacin da ya rufe murfi ya buɗe, a cikin Properties ɗin nan akwai Power Management. Cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don tattalin batir.

Idan kuma ka duba ko'ina ba kati ba alamarsa, kada ka yanke hukunci tukuna. Shiga BIOS yayin da kwamfutar ke tashi: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Nemi inda aka rubuta Wireless ko WLAN. Wasu kamfanoni kan rufe shi daga nan saboda tsaro, kuma a haka ake sayar da kwamfutar. HP na ofis suna da wani saiti, LAN/WLAN Auto Switching, da ke kashe WiFi da zarar an soka wayar intanet. Abin da ba ka gane ba a BIOS, kada ka taɓa shi.

'Yan uwa masu Linux, ku naku ya fi sauƙi. Ku rubuta rfkill list. In ya nuna Soft blocked, umarnin rfkill unblock wifi zai buɗe shi. In Hard blocked ne, ku koma kan makunni ko BIOS. Wannan ma dabara ce ga mai Windows: a tashi kwamfutar daga filas mai Ubuntu ba tare da an ɗora komai ba. In WiFi ya yi aiki a can, katinka da ransa, kada wani ya ce maka ya ƙone.

Sai bayan duk wannan ne za a kwance kwamfuta. A can ma abin da za a fara yi shi ne a cire batir, a zare katin, a busa ƙura, a mayar da shi ya zauna daram. Faɗuwa, jijjigar babur da ƙurar hunturu duk suna iya sassauta shi. A duba wayoyin eriyar nan da na ambata. In ɗaya ta fita ko ta tsinke a mahaɗar murfi, katin zai kunnu amma yana iya kasa ganin komai sai ka manna masa wayarka. Ba mutuwa ba ce wannan.

In ta tabbata sai an canza, ka sani ba kowane kati ke shiga kowace kwamfuta ba. Tsofaffin ThinkPad da HP da yawa suna da jerin katunan da suka yarda da su. Sa wani daban, ThinkPad ta tsaya ta nuna kuskure 1802, HP ta nuna 104, ko tashi ba za su yi ba. Katunan Intel irin 9560 da AX201 kuma sai da allon injin da aka yi dominsu. Saboda haka ka sa a gwada a gabanka, ka ga ya haɗu da hotsifot ɗinka, sannan ka biya. Wasu sababbin laftof marasa kauri an like musu katin ne a jikin allon injin, ba ya ciruwa. Waɗannan, da duk wanda fom ke jiransa yau, ya sayi ɗan ƙaramin WiFi na USB ya soka. Ya dai tambaya ko yana kama zangon 5GHz, domin masu araha da yawa 2.4GHz kaɗai suke gani, kuma in hotsifot ɗin wayarka yana kan 5 ba zai bayyana musu ba sai ka sauya shi a saitin wayar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.