Shin Takardar Likita Ce Ke Kashe Amurkawa?

Ana yawan cewa likitoci ne suka hallaka Amurkawa da magungunan kashe zafin ciwo dangin ofiyom, irin su mofin, kodin da oksikodon. Wasu kuma su ce sharri ake yi wa magani, 'yan ƙwaya ne ke kashe kansu. Maganar farko ta fi kusa da gaskiya, sai dai ta tsufa.

A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da wani maganin oksikodon mai suna OxyContin, ya baza wakilai asibiti-asibiti suna shaida wa likitoci cewa da wuya maganin ya zama jaraba. Ƙarya ce, kuma a 2007 kamfanin ya amsa laifinsa a kotu, aka ci shi tarar fiye da dala miliyan 600. Kafin 2012 ana rubuta takardun irin wannan magani sama da miliyan 250 a shekara. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna waɗanda suka mutu da shi a jikinsu sun tashi daga kimanin 3,400 a 1999 zuwa kimanin 17,000 a 2017. Ɓarnar ta kai har tsawon ran da ake sa wa Ba'amurke ya ragu daga shekara 78.9 a 2014 zuwa 78.6 a 2017, kuma wuce ƙa'ida wajen shan ƙwaya na cikin manyan dalilai.

Don haka wanda ya ce "ai likita ne ya rubuta, ba ya kisa" ya yi kuskure babba. Maganin yana danne sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa numfashi, mutum ya yi barci ya zarce. Haɗarin ya fi muni idan aka haɗa shi da giya ko maganin barci irin su diazepam.

Inda jita-jitar ta kauce shi ne cewa har yau takardar likita ce ke yin yawancin kisan. A 2010 aka sauya OxyContin yadda zai yi wuyar niƙawa, daga baya kuma likitoci suka fara janye hannu. Waɗanda suka riga suka kamu ba su warke ba, sai suka koma hiroyin, daga 2013 kuma fentanil na bayan fage ya mamaye kasuwa. A 2022 dangin ofiyom sun kashe kusan mutum 82,000, fiye da 70,000 daga ciki da fentanil da ire-irensa.

Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa a hana rubutawa kawai a huta ba. Rubutawa ta ragu ƙwarai bayan 2012, amma gawawwaki suka ƙaru. A 2022 CDC da kanta ta gargaɗi likitoci kada su yanke wa majinyacin da ya daɗe a kan maganin farat ɗaya, domin hakan na iya jefa shi hannun dillalai ko ya kai shi ga kashe kansa.

A Najeriya lamarin ya sha bamban. Tiramol da kodin, wanda gwamnati ta haramta ruwansa na tari a 2018, yawanci ba ta hannun likita suke isa ga matasa ba, a kasuwa ake saye. A lokaci guda kuma masu ciwon daji da yawa suna kwana suna kuka a asibiti don babu mofin, alhali su ne suka fi kowa buƙatarsa.