Kwamfuta da Nazarin Littafi Mai Tsarki

A shekarar 1890 ne wani malami Ba'amurke, James Strong, ya wallafa kundin da ya jera kalmomin Littafi Mai Tsarki na Turanci, ya kuma bai wa kalmomin asali na Ibrananci da Helenanci lambobi. Ko yau da aikin ya koma cikin kwamfuta, a kan lambobin nan manhajojin kyauta da yawa suka dogara.

Alal misali e-Sword, wadda ta fito a 2000, ba a biyan ko anini kafin a same ta, kuma tana aiki ko babu intanet. Mai shirin wa'azi yakan bi lamba ya ga duk ayoyin da kalma ta fito. Sai dai fa lamba tushen kalma take nunawa, ba ta faɗin ma'anarta a cikin ayar da ake karantawa, kuma nan ne masu gaggawa sukan yi tuntuɓe.

Logos ta 1992 da Accordance ta 1994 sun zarce nan, domin suna fayyace nahawun kowace kalma, su haɗa ta da ƙamusoshi da sharhin malamai. Amma manyan tarin littattafansu da tsada suke. Wajibi ne kuma mai saye ya tuna da BibleWorks, wadda ɗaliban tauhidi suka daɗe suna yabo: kamfaninta ya rufe a 2018, ba a sake fitar da sabon bugu ba.

Ita kuwa YouVersion ta cikin waya tana ɗauke da fassarar Hausa, amma ta fi dacewa da karatun yau da kullum bisa ga bincike mai zurfi.