Wa Ke Duba Mai Jinya?

A ƙauyukan Dawakin Tofa da Bichi, inda gona ke manne da gona, idan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohuwa, galibi matar ɗanta ce ke juya ta, ta wanke shimfiɗa, ta ba ta kunu da ludayi, alhali sana'arta ta ƙuli-ƙuli ta tsaya, ga kuɗin mota zuwa Asibitin Murtala. Malamai sun bayyana falalar wannan hidima, haƙiƙa. Amma cikin 'yan dubiya ƙalilan ne ke tambayar lafiyar mai jinyar. Ya kamata Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, wadda aka kafa a 2003, ta tuna da irinta, 'ya'yan tsohuwar kuma su raba kwanan jinya tsakaninsu.