FIYANO KO KALANGU? MUHAWARAR MATASAN MAKAƊA A HAWATA

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, aka yanke riɗi, laka ta bushe har motoci suka fara samun hanya, to garin Hawata da ƙauyukan da ke bakin kogin Rahad sun shiga lokacin bukukuwa ke nan. Wannan shi ne lokacin da Larabawan jihar Gadarif ke kira darat, mu kuma mu ce kaka. Manomi ya sayar da amfanin gonarsa, kuɗi sun shiga aljihu, sai ɗaurin aure da kai amare ko'ina. Inda aka ce biki kuwa, an ce kiɗa.

Galibin waɗanda ke yi mana wannan kiɗa ba shi ne sana'arsu ba. Akwai manoma a cikinsu, da masunta, da teloli, da direbobin tarakta, da 'yan makaranta, waɗanda sha'awa ce kawai ta haɗa su. A tsakaninsu akwai wata muhawara da ta ƙi ƙarewa: shin matashin da ya tara 'yan kuɗinsa fiyano zai saya, watau abin da ake kira org a nan Sudan, ko kuwa ya nemi kalangu ya zauna gaban manya ya koya? Mun ga ya dace mu kawo wa mai karatu ra'ayoyin da ke yawo game da wannan batu, tare da 'yan shawarwari.

KIƊAN GIDA BIYU

Tilas ne a fara sanin cewa makaɗin Hawata magajin gida biyu ne. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ne a kan hanyar aikin Hajji, wasu kuma a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu. Noma da su da aikin hanyar jirgin ƙasa, wadda ta haɗa Gadarif da Sinnar ta Hawata a 1929, suka zaunar da da yawa daga cikinsu a wannan yanki. Sun zo da kalangu da ganga da goge, suka tarar da daluka da tambur, daga bisani kuma udu ya shigo ta gidan rediyon Omdurman wanda aka buɗe a 1940.

Haɗa gidajen biyu ba yau aka fara ba. Marigayiya A'isha Falatiya, wadda aka haifa a Kasala, iyayenta kuma 'yan asalin ƙasarmu ta yamma ne, ita ce mace ta farko da ta yi suna da waƙa a wannan rediyo tun farkon shekarun 1940, 'yar'uwarta Jidawiyya kuma tana kaɗa udu. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa, har ta rasu a 1974. Abin da ya sauƙaƙa mata shi ne waƙar Sudan ta tsakiya a kan matakan murya biyar aka gina ta, ba bakwai irin na Masar ko Turai ba, kuma galibin waƙoƙin Hausa na gargajiya haka suke.

HUJJAR KOWANE ƁANGARE

Masu goyon bayan fiyano suna cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mutum ɗaya da fiyano zai fitar da amon ganga da sarewa da goge a lokaci guda, saboda haka mai biki zai biya mutum biyu ko uku maimakon takwas. Suna ƙarawa da cewa a Kano ma, tun ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon Yamaha aka riƙa yin kiɗan finafinan Hausa irin su Sangaya, kuma waɗannan waƙoƙi su ne samarinmu da 'yanmatanmu suka tashi suna ji, da farko a kaset, yanzu a waya. Bugu da ƙari, mai fiyano yana iya yin bikin Bahaushe yau, gobe ya yi na maƙwabcinsa Balarabe.

Su kuwa masu kalangu, hujjarsu ita ce fiyano ba ya magana. Hausa harshe ne mai karin sauti: da hawa da saukar murya ake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammatarsa ya ɗaga amo, ya sassauta ya saukar da shi, ta haka yake kiran taken mutum har ya miƙe tsaye ba a ambaci sunansa ba. Suna kafa misali da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 bayan ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu, da kuma Ɗanmaraya Jos wanda ya zaga duniya da ɗan kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya.

A ganinmu kowa yana da gaskiyarsa, amma akwai abin da ya fi ƙarfin gardama. Yaron da ya fara da danna maɓalli injin ya yi masa kiɗa, sau da yawa sai ka ji ya tanƙwara kalmomin Hausa don su bi injin, har mai sauraro ya kasa gane abin da ake faɗi. Wanda ya fara da ganga ko kalangu kuwa, in ya koma kan fiyano, kunnensa ya riga ya nuna. Ashe ke nan maganar ta wanda za a fara da shi ce.

KAFIN KA SAYI KAYA

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya sa kaya sun yi tsada, kayan gyara kuma sun yi wuyar samu, don haka kuskuren saye ya fi da ciwo. Ga abin da masu ƙwarewa ke nanatawa.

Na farko, fiyano mai maɓalli 61 ya ishi mai koyo. Akwai irin waɗanda kamfanonin Yamaha da Korg ke ƙerawa musamman don waƙar Masar da Sham, masu fitar da ɗan guntun amon da ke tsakanin maɓalli biyu. Waƙarmu ba ta cika bukatar wannan ba, saboda haka kada a biya ƙarin kuɗi dominsa. Abin dubawa shi ne ko na'urar tana karɓar sababbin salon kiɗa, don a zuba mata tumtum da mardum da makamantansu. Mai koyo kuma ya lura, baƙaƙen maɓallai biyar ɗin nan da ke jere biyu da uku, su kaɗai sun ba shi matakan murya biyar. Da su zai iya fara laluben waƙoƙin da ya sani.

Na biyu, in na hannu ne, a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a murɗa kowane abin murɗawa, a bar shi a kunne kamar rabin awa kafin a biya. Araha ba ta ado.

Na uku, wuta ita ce babbar mai kashe kaya. Janareta yana hawa yana sauka, don haka a sa sitabilaiza a tsakani, kuma kada a jona kayan kiɗa sai janareta ya tashi ya daidaita. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa. Haka kuma sifika biyu masu om 8 in aka jona su gefe da gefe sun koma om 4. A ƙara wasu biyu sun koma om 2, nan take amfilifayar da ba a yi ta don haka ba za ta yi zafi ta ƙone. Mawaƙi kuma ya tsaya da makirufonsa a bayan sifika, in ba haka ba ƙarar nan mai huda kunne ba za ta bar shi ba. Ƙura da zafin rana kuwa, maganinsu mayafi da inuwa.

Kalangu ma yana son kulawa. Da damina fata takan sha raɓa ta saki, sai a shanya shi ko a ɗan gasa shi nesa da garwashi kafin a fara. Da rani kuma bushewa ke tsinka tsarkiya, saboda haka a rataye shi a ɗaki, kada a yar da shi a bayan mota cikin rana. Mai hankali ba ya fita biki sai da fata da tsarkiya na ko-ta-kwana.

ABIN DA KE RABA ƘUNGIYA

Kowa ya san ba rashin iya kiɗa ne ya fi wargaza ƙungiyoyin matasa ba, kuɗi ne. Mai fiyano ya ce shi ya zuba jari, mawaƙi ya ce dominsa aka zo, 'yan amshi da mai ganga su koma gida da abin da bai kai kuɗin mota ba. Shawarar da muka fi gamsuwa da ita ita ce a zauna tun kafin kaka a rubuta yadda za a yi rabo, a gaban wani dattijo da kowa ya yarda da shi. A ware kaso ɗaya na kaya, wanda ba na kowa ba ne, don gyara da sayen mai. Kuɗin liƙi a zuba su wuri ɗaya, a ƙirga a gaban kowa a daren. A kuma tsayar da rana ɗaya a mako don gwaji, ko da damina ce ana fama da noma, domin hannun da ya yi wata huɗu bai taɓa makaɗi ba zai ba mai shi kunya.

Sauran abu shi ne mutunci. A tsaya da kiɗa lokacin salla, a rage ƙara in dare ya yi, a guji habaici da zambo ga wata ƙabila. Mun ga irin asarar rayukan da aka yi a rikicin jihar Shuɗin Nilu a 2022, don haka mai riƙe da makirufo ya san nauyin da ke kansa.

A ƙarshe muna kira ga ƙungiyoyin matasa da kowace ta ba kalangu gurbi kusa da fiyano, ta kuma tura yaro ɗaya ko biyu wurin tsofaffin makaɗan da suka rage mana su koyi take da ɗaurin fata. Fiyano in ya lalace, in da kuɗi za a sayo wani daga Bur Sudan. Tsohon da ya san taken zuriyarmu kuwa, in ya tafi da abinsa babu kasuwar da za a samo shi. Masu biki su ma su taimaka, su riƙa neman a zo musu da kalangu, su kuma biya mai shi haƙƙinsa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu ga kakar bana da alheri.