Daga gaɓar Tiga zuwa teku: Yadda matasan Rano da Kibiya za su iya zama hafsoshin sojin ruwa

A watan Oktoban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Idi Abbas, ɗan asalin Jihar Kano, a matsayin Babban Hafsan Sojin Ruwa na Najeriya. Shi ne Bakano na biyu da ya hau wannan kujera cikin shekara biyar, domin Admiral Awwal Zubairu Gambo ya riƙe ta daga Janairun 2021 zuwa Yunin 2023.

Tsakanin Kano da tekun Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota. Duk da haka mutanen nan biyu sun kai ƙololuwar aikin da mutane da yawa a Arewa ke ɗauka na 'yan bakin teku ne. Dukansu ta ƙofa ɗaya suka shiga, wato Makarantar Horar da Hafsoshin Soji ta NDA da ke Kaduna, Gambo a 1984, Abbas kuma a 1987.

Wannan ƙofa a buɗe take ga yaron da ke aji uku na babbar sakandare a Rano, ko Rurum, ko Kibiya, ko Tarai. Sai dai shirin shigarta yana farawa ne shekaru kafin ranar cike fom, kuma a nan ne 'ya'yan karkara suka fi yin asara.

Yankin da ke da ruwa a ƙofar gida

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma an fi sanin ƙasarta da duwatsu da noma. Amma tun bayan da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, rayuwar yankin ta haɗu da ruwa. Tafkin Tiga yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kuma daga cikinsa ake sako ruwan da ke bi ta Ruwan Kanya zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Bunkure da Kura.

A ƙauyukan gaɓar tafkin akwai masunta da masu fito. Akwai yaran da suka iya tuƙa kwale-kwale tun kafin su iya hawa keke, sun san alamun iska, sun san inda kututturen itace ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Wannan ilimi ne na gaske, amma babu takardar shaida a kansa, kuma da wuya a samu wanda zai gaya wa irin wannan yaro cewa akwai aikin gwamnati da ke buƙatar abin da ya iya.

Ita kanta rundunar ta matso kusa. A 2021 ta sanar da kafa sabbin sansanoni a Lekki da Oguta da Kano, gwamnatin jihar ta lokacin kuma ta ba da fili a Dawakin Tofa, inda yanzu Kwalejin Sojin Ruwa ta koyar da harkar kayan aiki da sufuri take. An yi ta muhawara a lokacin kan me sojan ruwa zai yi a jihar da ba ta da teku. Amma rundunar tana da sansani a Baga da ke gaɓar Tafkin Chadi, tana da wani a Lokoja. A Amurka ma, cibiyar da ake horar da duk sabbin kuratan sojin ruwa tana Jihar Illinois ne, a bakin Tafkin Michigan, nesa ƙwarai da teku.

Yadda ake koyon shugabanci a matsayin kadet

Kadet shi ne ɗalibin da ake horarwa domin ya zama hafsa. NDA, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1964, tana haɗa kadet na sojin ƙasa da na ruwa da na sama wuri guda, su yi karatun digiri tare da horon soja. Ana rarraba su cikin bataliyoyi masu sunayen wuraren da sojojin Najeriya suka yi yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu: Abyssinia da Mogadishu da Burma da Dalet.

A shekarar farko aikin kadet shi ne biyayya. Yana tashi kafin asuba, ya gyara makwancinsa da kakinsa, ya fita fareti, ya shiga aji, ya yi motsa jiki, duk a kan lokacin da wani ya yanka masa. Yayin da yake gaba a karatu sai a fara ɗora masa nauyin wasu: yau ya kula da tsabtar ɗaki, gobe ya jagoranci 'yan ƙalilan a atisaye, har manyan ɗalibai su riƙe muƙaman da ke tafiyar da bataliya a ƙarƙashin kulawar hafsoshi. Idan na ƙasa da shi suka makara ko suka yi sakaci, shi ake tambaya.

Daga Kaduna kadet na sojin ruwa yakan wuce Kwalejin Sojin Ruwa da ke Onne a Jihar Ribas, inda yake koyon tuƙin jirgi, da karanta taswirar teku, da sadarwa, da kashe gobara, da toshe ɓarakar jirgi idan ruwa ya fara shiga.

A cikin jirgi ne nauyin ke bayyana sosai. Ana raba dare da rana zuwa zangon gadi, yawanci awa huɗu-huɗu. Hafsan da ke kan gadi, wanda sau da yawa matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi ke da alhakin lafiyar jirgin da duk wanda ke cikinsa a madadin kyaftin. Dole ya san lokacin da zai yanke shawara da kansa da lokacin da zai tashi kyaftin daga barci. Ana kuma ba ƙaramin hafsa wani rukuni na ƙananan sojoji, ya san matsalar albashinsu da hutunsu da ƙarin girmansu, alhali wasunsu sun girme shi nesa ba kusa ba.

Irin wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce ga ɗan karkara. Yaron da aka bar wa shanun huɗa, ko aka ɗora wa kula da ƙannensa a makarantar allo, ya riga ya ɗanɗana riƙon amana. Abin da horon kadet ke ƙarawa shi ne tsari, da kiyaye lokaci, da aiki da mutanen da ba yare ɗaya ko addini ɗaya ake ba.

Ƙofofin shiga

Mai son zama hafsa ta NDA yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi. Zai rubuta jarrabawar JAMB ya zaɓi NDA a matsayin zaɓin farko, ya cike fom ɗin makarantar ta intanet, ya zauna jarrabawar tantancewa, sannan waɗanda suka yi nasara su bayyana gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soji, inda ake duba lafiya da ƙarfin jiki da yadda mutum ke tunani. Samari da 'yan mata marasa aure ake ɗauka, kuma akwai iyakar shekaru. Tun 2011 aka fara ɗaukar mata a wannan kwas. Ana raba guraben ne jiha-jiha, don haka ɗan Rano yana takara ne da sauran 'yan Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44.

Wanda ya riga ya yi digiri ko babbar difloma yana iya shiga ta gajeren kwas na hafsoshi, musamman likitoci da injiniyoyi da malamai da lauyoyi da masu ilimin kwamfuta. Mai takardar sakandare ko ta sana'a kuma yana iya shiga a matsayin ƙaramin soja, ya yi horo a makarantar kurata da ke Onne.

Ayyukan rundunar sun wuce riƙe bindiga. Akwai injiniyoyin jirgi, da masu gyaran lantarki, da ma'aikatan lafiya, da masu nutso, da masu kula da kayan aiki irin waɗanda ake horarwa a Dawakin Tofa, da masu auna zurfin ruwa su zana taswira, aikin da jirgin NNS Lana da ya iso ƙasar a 2021 ke yi. Wanda kuma ke son aikin jiragen kasuwanci yana da Makarantar Koyon Aikin Teku da ke Oron a Jihar Akwa Ibom, wadda ita ma kadet ake kiran ɗalibanta.

Inda ake tuntuɓe

Matsala ta farko tana aji huɗu na sakandare, lokacin da ɗalibi ke zaɓar ɓangaren karatu. Yawancin fannonin da suka shafi jirgi suna buƙatar Lissafi da Fizis da Kemistiri. Jihar Kano tana da tarihi a nan, domin tun 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Amma ɗalibin da makarantarsa ba ta da malamin Fizis ko ɗakin gwaje-gwaje ya riga ya fara tseren a baya.

Ta biyu ita ce labari. Sanarwar ɗaukar kadet da kurata tana fita a intanet, kuma tana da wa'adi. Wanda ya ji a makare, ko shekarun haihuwarsa suka bambanta tsakanin takardar makaranta da lambar NIN, yakan rasa damar tun kafin a gwada shi. Takardar shaidar ƙaramar hukuma da ta haihuwa ya kamata a tanade su tun da wuri, sunaye kuma su zo iri ɗaya a ko'ina.

Ta uku ita ce 'yan damfara. Duk lokacin ɗaukar ma'aikata sai an samu masu cewa suna da gurbi na sayarwa. Rundunar ta sha gargaɗin cewa neman shiga aikin kurata kyauta ne. Iyayen da suka sayar da tunkiya ko buhunan masara suka miƙa wa ɗan tsakiya sukan yi asarar kuɗin, wani lokaci har da shekarar yaron.

Sai kuma lafiyar jiki. Gwajin lafiya yana duba ido da jini da alamun shaye-shaye. Matashin da ya saba da ƙwaya ko maganin tari ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa.

Abin da za a iya farawa a gida

A wasu ƙasashe ba a jira sai yaro ya gama sakandare. A Birtaniya, ƙungiyar kadet ta matasan teku ta samo asali tun 1856, kuma tana karɓar yara daga shekara 10 zuwa 18. A Amurka an kafa irinta a 1958. Yaran suna zama a gidajen iyayensu, suna zuwa makarantunsu, sai su haɗu da yamma ko a ƙarshen mako su koyi iyo da tuƙin kwale-kwale da agajin gaggawa da fareti. Ba a tilasta wa kowa shiga soja daga baya.

Najeriya ma tana da makamancin haka. Ƙungiyar Man O' War ta faro ne daga wata cibiyar horar da matasa shugabanci da aka buɗe a 1951, kuma Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci da ta gaje ta tana da makarantar ruwa a Apapa da ta duwatsu a Shere kusa da Jos.

Ƙungiya irin wannan a makarantun Rano da Kibiya ba za ta buƙaci jirgin yaƙi ba. Malamin da zai tsaya, da tsofaffin sojojin da suka dawo gida, da Sarkin Ruwa da masuntan da suka san tafkin, da rigunan kariya daga nutsewa, da amincewar iyaye da masarauta sun isa a fara. 'Yan mata za su buƙaci mata masu horarwa da lokacinsu daban. Za a iya gayyatar hafsoshi daga Dawakin Tofa su yi wa ɗalibai bayani, kamar yadda a zamanin Sardauna aka riƙa zagaya makarantun Arewa ana jawo hankalin ɗalibai zuwa aikin soja.

Amfanin ba zai tsaya ga masu neman kaki ba. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Ƙaramar Hukumar Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. An danganta hatsarin da lodin da ya wuce ƙima. Ƙa'idojin da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ke nanatawa sanannu ne: a sa rigar kariya, kada a yi lodi fiye da kima, kada a yi tafiyar dare. Abin da ake rasawa a mashigin ruwa shi ne wanda zai tsaya ya ƙirga fasinjoji, ya ce jirgi ya cika, kuma a saurare shi.

Matashin da aka koya wa iyo da ceto, aka kuma saba masa da ɗaukar nauyin 'yan uwansa, zai iya yin wannan aiki a gaɓar Tiga ko da bai taɓa ganin teku ba. Idan kuma ya cike fom ɗin NDA, zai je Kaduna ya riga ya san fareti, ya iya ruwa, takardunsa kuma a kammale.